Danshin Yatsu Huɗu

Ruwan ya sauko ranar Laraba bayan la'asar, a kwana na uku na roƙon ruwa, mutane suna kan hanyar komowa daga filin idi da rigunansu a juye. Wasu suka tsaya cak a tsakiyar hanya suka ɗaga fuska sama. Liman, wanda ya yi kwana uku yana azumi ga tsufa ga ciwon ƙafa, ya durƙusa a ƙasa yana kuka, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Kafin a kira magariba an ɗauke.

Shekara uku ke nan da gama yaƙin basasa. Wurin kuwa wata 'yar unguwa ce mai gida goma sha ɗaya a bayan Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram. Daminar bara ta yi gardama, abin da aka girbe bai kai mutane tsakiyar rani ba. Samari sun watse, wasu Kano wasu Jos, wajen aikin gini da aka ce ya buɗe a birane. Waɗanda suka rage suna cin dusa da garin ɗorawa da duk ganyen da ba ya kisa.

Badaru na cikin waɗanda suka rage. Mutum ne mai kusan shekara hamsin, ba mai yawan magana ba, yana da gona ɗaya da ya gada a wurin mahaifinsa. Yana kuma da tulu ɗaya na irin gero, mudu tara, an gauraya shi da toka saboda ƙwari an liƙe bakin da laka. Matarsa Hajjo, 'yar Fulanin da suka daɗe da zama a gefen Maruta, ita ce mai tsaron tulun. Ko a watan da nonon 'yarsu Safiyatu ya soma ƙafewa, jaririn yana tsotso yana saki yana kuka, Hajjo ba ta fasa wannan laka ba. Ta ce in suka ci iri sun ci baɗi, kuma ba wanda zai ba su wani, don kowa nasa ke nan a hannunsa. Shuka ɗaya ce gare su a wannan shekara, babu ta biyu.

Da gari ya waye ranar Alhamis, Badaru ya zaga bayan gida ya tsuguna. Abin da zai yi, kowane yaro a unguwar ya san shi. In aka yi ruwan farko sai ka tona ƙasa da hannu. In hannunka ya nutse har wuyan hannu kana cikin danshi, to ruwan shuka ne. In ka ci karo da busasshiyar ƙasa kafin nan, iri zai tsiro kam, ya shanye ɗan abin da ke sama, saiwarsa ta taɓo zafi, ya mutu a tsaye.

Ya tona. Saman baƙi ne, mai sanyi, mai ƙanshi. Ya ƙara tonawa sai yatsunsa suka faɗa cikin gari fari, busasshe kamar ba a taɓa ruwa a duniya ba. Ya jera yatsunsa a jikin ramin ya auna. Huɗu.

Da ya ɗago, ya ga Hajjo tana leƙowa ta saman danga. Ba ta tambaye shi ba. Ya karkaɗe hannunsa ya nufi gonar mai unguwa.

Al'adar wurin tun kakanni, ba mai saka iri a ƙasa sai magidanta sun taru a gindin ƙaton dutsen da ke gonar mai unguwa, kowa ya tona nasa ramin, sannan a faɗi abin da aka gani, daga babba zuwa ƙarami. A shekarun ƙoshi abin raha ne. Sau da yawa akan ce bai kai ba, a yi dariya, a koma gida a jira na gaba. Amma ran nan duk unguwar ta fito, har mata daga nesa da goyo a baya. An ɗauko Liman a kan jaki an shimfiɗa masa buzu a inuwar dutsen. Fuskarsa ta faɗa, amma tana haske irin na wanda aka sauke wa kaya.

Magidanta bakwai suka rage a unguwar, Badaru ne ƙaraminsu. Suka jeru suka tsuguna.

Baba Dabo, dattijon da ya fi kowa shekaru, shi ne na fari. Ya daɗe yana lalube a cikin raminsa. Ya ɗago ya dubi Liman, ya dubi matan da ke tsaye, sannan ya ce, "Ya kai. Allah ya karɓi roƙonmu."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga can baya.

Mai unguwa Ƙasimu bai ko daɗe da duban nasa ba. "Ya kai," in ji shi. Na uku ya ce ya kai, ya sa ƙafa ya mayar da ƙasar. Na huɗu da na biyar suka faɗa kusan tare. Na shida shi ne Sabo, taubashin Badaru, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Sabo ya saci kallon Badaru, ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ce, "Ni nawa har gwiwar hannu. Saura kaɗan in kamo kifi."

Aka yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba.

Badaru yana duban raminsa. Farar ƙasa ce ke kallonsa, daidai inda ya bar ta a bayan gida. Ya ce a ransa ko a kan fako ya faɗa, inda ruwa ba ya shiga. Ya matsa taku biyu ya sake tonawa.

"Ku ba shi wuri, jama'a," in ji Sabo. "Ɗan kawuna rijiya zai haƙa mana."

Rami na biyu ma haka. Badaru ya ji gumi na bin bayansa. Mutum shida, kowannensu ya riga shi riƙe fartanya, Baba Dabo kuwa shi ya koya wa mahaifinsa wasu abubuwan ma. Yaya za a yi ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, ta jiƙe wa mutum shida ta bushe wa ɗaya? Ko dai yatsunsa ne masu kauri? Ko yunwa ce ta soma taɓa masa ido? Ya so ya miƙa wuya ya leƙa ramin Sabo, amma Sabo ya riga ya taka shi. Kuma in ya ce bai kai ba, wa yake gaya wa? Tsohon nan da ke kan buzu, wanda ya yi kwana uku bai haɗiyi ruwa da rana ba?

"Badaru," in ji mai unguwa, a hankali, "muna jin ka."

Wuri ya yi tsit. Har kukan jariri da ake ji ɗazu ya tsaya. Badaru ya buɗe baki da niyyar ya ce a ƙara dubawa ko da wuri ɗaya, sai ya ji muryarsa ta ce, "Ya kai."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Kafin Badaru ya miƙe tsaye, mutane sun ruga gidajensu ɗauko sungumi.

Ya tarar da Hajjo zaune a ƙofar ɗakin da tulun yake, tana ta tsince ganyen yaɗiya a faifai.

"Malam, na ji guɗa. Me ka ce musu?"

"Abin da kowa ya ce."

"Da safe yatsu huɗu ne. Rana ce ta ƙara masa?"

"Ke ina kika ga huɗu?"

"A hannunka na gani. Shekara ashirin da shida ina kallon hannun nan."

Ya zauna a kan turmi. Can ya ce, "Baki na ba su, ban ba su iri ba. Mu za mu jira ruwa na biyu. Ba wanda zai shigo gidana ya fasa mini tulu."

Hajjo ta dube shi, ta ci gaba da tsintar ganyenta.

Ran nan duk gonakin unguwar suka cika da mutane, maza a gaba suna sara da sungumi, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gonar Badaru a tsakiya take, duk wanda zai je tasa sai ya ratsa ta gefenta. Wanda ya tambaye shi, sai ya ce ƙotar sunguminsa ce ta tsage. Kafin azahar sai ga Sabo da wani sungumin a kafaɗa.

"Ga shi, malalaci. Na tsohona ne, ya fi ka ƙarfi ko yanzu." Ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya. "Matata Hajjo, in wannan ya gaza ki dawo gidana, ni na gama rabin tawa."

Hajjo, wadda ba ta taɓa barin tsokanar Sabo ta faɗi ƙasa ba, ta juya ta shige ɗaki.

Ranar Juma'a Badaru ya ce bayansa ne ya riƙe. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har kaji suka shige akurki. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Badaru ma ya fito, yana roƙon Allah ya ƙaryata shi. Sai iska ta taso, ta yi ta kaɗawa, ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi. Ko ɗigo bai sauka ba.

Daga nan magana ta sauya. Hajjo ta dawo daga rijiya da tulun ruwa rabi, ta ce ta yi sallama sau biyu ba wadda ta amsa, ta nemi aron guga kowa ta ce tana amfani da nata. Wata kuma ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, ai akwai gidan da suka fi Liman sanin sama.

Bayan sallar magariba mai unguwa Ƙasimu ya jira shi a ƙofar masallaci, suka taka tare. Mutumin kirki ne Ƙasimu, a cikin ranin nan sau biyu yana aiko wa Safiyatu da kunu daga gidansa.

"Yaya bayan?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ba wanda ya ce komai, ka gane. Ni dai na ce bari in gaya maka abin da ke zukatan mutane. Mun fita mun roƙa, an ba mu. Kai ma da bakinka ka shaida an ba mu. To ga gona ɗaya a tsakiyar gonaki ba a taɓa ta ba, kamar ana cewa ba a yarda ba. Yau kuma ka ga abin da hadari ya yi. Mutane a tsorace suke, Badaru. Mai tsoro kuwa neman dalili yake."

"Ni na kori hadarin?"

"Subhanallahi, wa ya ce haka? Ni ban ce ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Tare aka haife mu a nan, tare za a binne mu. Abin da ya sami ɗaya ya sami duka. Allah ya ƙara sauƙi."

Badaru ya shiga gida ya tarar da bakin tulun da sabuwar laka, ɗanya. Ya gane Hajjo ta buɗe ta ɗebi wani abu ta ɓoye. Bai tambaye ta ba. A gaskiya ma wani sanyi ya ji a ransa.

Da sassafe ranar Asabar ganga ta tashe su. Ba daga nesa ba, daga gonarsa. Ya fita da sauri ko hula bai sa ba. Duk mazan unguwar ne a jere, kowa da sunguminsa, sun riga sun yi layi uku suna kan na huɗu, makaɗi na bin su a baya. Mata da yara suna tsaye a bakin gona da ƙorai a hannu, babu komai a ciki. Gayya ce, irin wadda ake yi wa marar lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa, sai dai wannan ba wanda ya kira ta. Sun san ba shi da abin da zai ciyar da su, kowa ya zo da ruwan shansa a gora. Mutanen da rabonsu da tuwo ya kai wata guda, ga su suna sara masa gona, haƙarƙarinsu a waje.

"Sannu da jiki!" in ji mai unguwa daga cikin layi. "Kada ka taɓa komai. Samu inuwa ka zauna. Iri kawai za ka kawo."

"Ka ga gata," in ji Sabo, yana haki. "Ni da zan samu haka, ai bayana ba zai taɓa warkewa ba."

Badaru ya tsaya. Ya duba fuskokinsu yana neman mugunta, ko ɗaya bai gani ba. Da zagi suka zo da shi, da ya san abin da zai yi. Ya ga Baba Dabo, da ba ya iya sara, ya zo da sandarsa ya zauna a kan kututture don dai a ce da shi aka yi. Ramuka suna ta ƙaruwa, kowanne da bakinsa a buɗe, kuma daga inda yake tsaye yana ganin farar ƙasar da kowane sara ke fitowa da ita. Su ma da suke saran a kanta suke takawa.

Ya juya ya shiga gida. Hajjo na tsaye a ƙofar ɗakin.

"Malam."

"Matsa."

"Ka ce ba wanda zai shigo ya fasa."

"Ba wanda ya shigo."

Ya ɗauko tulun da kansa, ya kai bakin gona, ya fasa lakar da gindin lauje. Aka sheƙe tokar, aka rarraba a ƙorai. Mata suka shiga layi suna waƙa. Safiyatu ma ta goya ɗanta ta karɓi ƙwarya, don ba ta san yadda za ta tsaya kallo ana yi wa ubanta aiki ba.

Rana ta take tsaka sa'ad da Batulu, matar Sabo, ta kife ƙwaryarta ta buga gindin. "Iri ya ƙare!"

Saura gefen kwari, wurin da ya fi ko'ina kyau a gonar, an sare shi tsaf yana jira.

"Ya ƙare?" in ji Baba Dabo daga kan kututturensa. Ba da wata manufa ya faɗa ba, tsufa ne kawai da yawan sani. "A'a. Tulun nan na san shi tun a hannun ubansa. Mudu tara yake ci, kuma tara ke rufe gonar nan har kwari."

Makaɗi ya tsaya. Ba wanda ya dubi Badaru. Wani ya shiga gyara ƙotarsa, wani ya ɗaga gora yana sha, mata suka sunkuyar da kai. Suna tsaye dai cikin rana, ba su tafi ba, ba su ce komai ba. Badaru ya ji shirun nan yana hawa masa kamar dutse. In ya ce shi ke nan abin da ke akwai, sun san ƙarya ne, kuma za su ce sannu su tafi, gobe su gaishe shi, jibi ma haka, har ya mutu.

Ya taka zuwa bakin danga inda Hajjo take.

"Kawo sauran."

Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji. "Mudu biyu ne. Ko kwarin nan kaɗai muka shuka da ruwan gaske, za mu ga kaka. Ka dubi yaron da ke bayan Safiyatu."

"Mutane na tsaye cikin rana, Hajjo."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga, ta fito da ƙullin tsohon zane. Ba ta miƙa masa ba. Ta ajiye a ƙasa tsakaninsu, ta koma ciki ta saki labule.

A kwana na huɗu shuka ta hudo. Duk unguwar ta yi kore shar, layi-layi, har gindin dutse. Mutane suka dawo gaishe shi da fara'a, matan rijiya suka koma ba Hajjo guga. Shi kansa Badaru, in ya fita da asuba ya ga raɓa a kan 'yan ganyen nan, sai ya ce ƙila dai shi ne bai iya awo ba. Ya fi son hakan. Ya yi ta roƙon Allah ya sa shi ne wawa.

Sama ta yi fari fat, ta zauna haka. Kwana bakwai, ganye ya soma naɗewa da rana yana buɗewa da yamma. Kwana goma sha biyu, ya daina buɗewa. Aka sake fita roƙon ruwa, wannan karon ba Liman, yana kwance. Kwana goma sha takwas, in ka kama tsiro ka murza sai ya zama gari a hannunka. Gefen kwari ne ya fi daɗewa, ya ƙara kwana uku a kan saura, sannan shi ma ya bi su.

Aka ji labari wai ana raba iri a Birnin Kudu. Badaru da Sabo suka taka har Gwaram, wani direba ya ɗauke su don Allah a kan buhunan gawayi. Da suka isa aka ce abin da ya zo ya ƙare tun shekaranjiya, kuma ma ba iri ba ne, jar dawa ce ta ci. Suka zauna a gindin wata darbejiya a bakin babban titi, suna kallon sababbin manyan motoci ɗauke da siminti da rodi suna wucewa, ba mai tsayawa.

Sabo bai yi tsokana ba tun safe. Yana ta zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Nawa yatsu uku ne."

Badaru ya juyo.

"Ramina, ran nan. Uku ne, ko huɗu bai kai ba."

"Ka ce har gwiwar hannu."

"Na ce." Ya karya tsinken. "Kai nake jira. Na ce Badaru ne a bayana, shi ba ya faɗin abin da bai gani ba. In ya ce bai kai ba, sai in ce wallahi ni ma wasa nake. Da ka sake tona na biyu har na ji daɗi. Sai ka ce ya kai. Na ce to, tunda har Badaru ya faɗa, ƙila nawa ne a kan fako."

"Mai unguwa fa?"

"Ya faɗa wa Batulu, ita ta gaya mini, wai shi ya ga Baba Dabo ya riga ya faɗa, ba zai ƙaryata dattijo a gaban Liman ba. Baba Dabo kuwa ban sani ba. Ƙila fuskar Liman ya duba."

Wata mota ta wuce ta watsa musu ƙura. Badaru ya jira ta lafa.

"To ka sani, Sabo. Ka sani, ka kawo mini sungumi. Ka sani, kai ne a gaban gayya."

"Na riga na zuba nawa duka." Ya jefar da guntun tsinken. "Duk sanda na ratsa ta gonarka na gan ta ba shuka, sai in kau da kai. Ba na iya barci. Na ce in kai ma ka shuka, to daidai muka yi. Ba ni kaɗai ba, kowa haka yake ji, ba wanda ya faɗa dai. Wallahi ba cutarka muka nufa ba, ɗan kawu. So muke mu daina ganin gonar nan."

Badaru ya nemi fushi a cikinsa, ya tarar babu ƙarfin yin sa. Ya ce su tashi su nemi mota tun rana ba ta faɗi ba.

Ruwan gaske ya zo a kwana na ashirin da shida. Ya fara da hantsi bai ɗauke ba sai la'asar, kwari ya cika, kwaɗi suka fito. Magidanta suka fake a zauren mai unguwa suna kallonsa yana zuba a kan gonakin da ba abin da za a saka musu. Wasu sun samo ɗan wake wurin dangi, abin da bai fi cikin tafi biyu ba. Ba mai gero ko ƙwaya.

"Ikon Allah," in ji mai unguwa. "Ƙasa ta nuna ya kai, duk mun gani da idonmu. Wa ya isa ya san za a ɗauke haka?"

"Ba wanda ya isa," in ji Baba Dabo.

"Ba wanda ya isa," in ji na kusa da shi. Maganar ta bi bango tana zagawa. Da ta zo kan Sabo, ya ce haka ne, idonsa a kan ruwan da ke zuba daga indararo. Badaru ya ga ana jiransa. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne.

Bayan kwana biyar Manu, yayan Hajjo, ya zo da jaki. Ya ce su sun yanke shawarar yin kudu da 'yan shanun da suka rage musu, wajen da aka ce ciyawa ta fito, kuma akwai saniya biyu masu tatsa. Ya zo ya tafi da ƙanwarsa da Safiyatu da jaririn, in maigida ya yarda. Ya faɗa cikin ladabi, yana tsugune, bai ɗaga kai ba. Badaru ya ce ya yarda. Ba abin da zai ce su zauna su ci.

Kayan ba su da yawa. Hajjo ta ɗaure tabarma da tukunya ɗaya da ƙorai, Manu ya ɗora wa jaki. Safiyatu ta durƙusa ta yi wa ubanta sallama tana kuka, ya sa mata albarka, ya shafa kan yaron, wanda ya yi shiru da yawa kwanan nan. Suka yi gaba. Hajjo ta tsaya a zaure tana gyara lulluɓi.

"Kai fa, Malam?"

"Zan ga abin da mutane za su yi."

Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Sannan ta ce, "In sun tambaye ka ina muka tafi?"

"Zan ce kin je ganin gida."

"Matar mai unguwa ma ganin gida ta je. Da Batulu."

"Na sani."

Ta fita. Ya bi ta har bakin hanya ya tsaya. Wani maƙwabci da ke zaune a ƙofar gidansa, wanda shi ma ɗakin matarsa ke rufe tun shekaranjiya, ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Hajjo ce za a je ganin gida?"

"Eh," in ji Badaru. "Kwana biyu za ta yi."

"Madalla. Allah ya dawo da su lafiya."

"Amin," in ji Badaru.